Nauyin Kaya da Idon Matafiyi: Tarihin Kyamara a Kan Hanya Tun Daga 1839

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin yadda kayan ɗaukar hoto suka yi ta sauyawa tun daga shekarar 1839, da kuma yadda wannan sauyi ya shafi abin da matafiya suka iya ɗauko mana daga ƙasashen da suka ratsa. Wani zai ga kamar magana ce ta 'yan sana'a, wadda ba ta da gurbi a taron manazarta tarihi. To, amma duk malamin da ya taɓa nuna wa ɗalibansa tsohon hoton wata ganuwa ko wata kasuwa, ya kuma kafa hujja da shi, ya riga ya shiga maganar ko da bai sani ba. Mun saba da tuhumar rubutu: wa ya rubuta, yaushe, kuma don wa? Hoto kuwa mukan karɓe shi hannu bibbiyu, kamar idonmu ne ya gani. Alhali abin da kyamara take iya gani a kowane zamani yana da iyaka, kuma abubuwa uku ne suke yanka wannan iyaka: nauyin kayan, da tsawon lokacin da hoton yake bukata kafin ya kamu, da irin launukan da maganin hoton yake iya ji. Ra'ayina shi ne, wanda bai san waɗannan ba zai riƙa karanta gazawar na'ura a matsayin halin mutane.

Asalin dabarar ya daɗe. Ibn al-Haitham, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske yake shiga ɗaki mai duhu ta 'yar ƙaramar kafa, ya zana siffar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. Ita kalmar kyamara ma daga Latin ta fito, ma'anarta ɗaki. Abin da ya gagara ɗaruruwan shekaru shi ne yadda za a tsayar da siffar nan ta zauna. Bafaranshe Niépce ya yi nasarar haka wajen 1826 ko 1827, amma sai da farantinsa ya yi aƙalla awa takwas yana kallon rana.

Zamanin azurfa da takarda

Ranar 19 ga Agusta 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Paris. Faranti ne na jan ƙarfe da aka shafe da azurfa, a goge shi ya yi ƙyalli kamar madubi, a turara shi da aidin, a sa shi cikin akwati ya ga haske, sa'an nan a fito da siffar da tururin zaiba. Tun kafin ranar nan an riga an haɗa dabarar da tafiya. François Arago, masanin da ya gabatar da ita ga majalisar Faransa, ya kawo hujja da rubuce-rubucen da ke jikin gine-ginen Fir'aunonin Masar, cewa aikin da zai ci tarin masu zane shekaru masu yawa, mutum guda zai iya gama shi da wannan na'ura. Kafin shekarar ta ƙare kuwa, a watan Nuwamba, mai zane Horace Vernet da abokin tafiyarsa Goupil-Fesquet sun riga sun ɗauki hoto a Iskandariyya. Watau ke nan Afirka ta shiga kyamara cikin wata uku da fitowarta.

Sai dai a duba kayan. Cikakken kayan da kamfanin Giroux ya sayar a 1839, da akwati da faranti da kwalaben magani, sun kai wajen kilo 50, kuma kuɗinsu faran 400 ne. Kowane faranti hoto ɗaya tak yake bayarwa, ba a iya buga wani daga jikinsa. Don haka da Lerebours ya tashi buga littafin hotunan ƙasashe a farkon shekarun 1840, sai ya ba masu sassaƙa faranti su kwaikwayi hotunan da hannu, su kuma suka ƙara mutane da dabbobi inda suka ga wurin ya yi fayau. Dalilin fayau ɗin shi ne, farantin yana bukatar mintoci kafin ya kama siffa, duk abin da ya motsa kuwa ba ya barin alama. Shahararren misali shi ne hoton da Daguerre ya ɗauka na wani babban titin Paris a 1838. Titi ne mai cike da kekunan doki da masu tafiya, amma a hoton babu kowa sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Wannan abu ya kamata mu riƙe shi da kyau, domin tsofaffin hotunan biranen Gabas da na Afirka da yawa haka suke, kamar kufai, kuma an daɗe ana kallonsu ana cewa ga ƙasashen da rayuwa ta tsaya musu cik.

Dabarar Ba'ingile Talbot, wadda ya yi wa rajista a 1841, ta fi dacewa da matafiyi, domin takarda ce ake jiƙawa da magani, ta ba da nagatif, watau siffar da fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, wadda za a iya buga hotuna da yawa daga gare ta. Da irin wannan Maxime Du Camp ya bi kogin Nilu tsakanin 1849 da 1851 tare da marubuci Flaubert, aka buga hotunansa 125 a littafi a 1852. Duwatsu ne da gumaka kusan dukkansu. Mutum guda yakan bayyana jefi-jefi, wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Haji Isma'il, a tsaye ko a zaune a jikin gini don a gane girman ginin. Shi Du Camp da kansa ya ba da labarin yadda ya sa mutumin nan ya tsaya cik: ya gaya masa bakin kyamarar igwa ce, in ya motsa za ta tashi. Ga nan matsayin ɗan ƙasa a farkon hoton tafiya, ma'auni ne kamar sandar awo.

Zamanin jiƙaƙƙen gilashi

A watan Maris na 1851 Frederick Scott Archer ya buga bayanin wata sabuwar hanya. Ana zuba wani ruwa mai yauƙi, kolodiyan, a kan gilashi, a tsoma shi cikin ruwan azurfa a cikin duhu, a sa shi a kyamara yana jiƙe, a ɗauka, a koma cikin duhu a wanke, duk kafin ya bushe, watau cikin minti goma zuwa goma sha biyar. Hoton yakan fito tangaran, lokacin ɗauka kuma ya ragu zuwa daƙiƙoƙi. Amma fa sharaɗin jiƙa ya tilasta wa mai hoto ya yi ta yawo da ɗakin duhunsa duk inda ya sa gaba, da gilasai, da kwalabe, da tataccen ruwa. Kusan shekara talatin ana cikin wannan hali, kuma a nan ne za mu ɗan daɗe, domin a nan ne nauyin kaya ya fi yin hukunci.

Roger Fenton ya tafi yaƙin Kirimiya a 1855 da keken doki na wani mai sayar da giya, wanda ya mayar ɗakin duhu, da kyamara biyar da gilashi 700. Ya komo da hotuna wajen 360, babu ko ɗaya na arangama, sai hafsoshi a tsaye da sansani da filin da harsasan igwa suka warwatsu. Francis Frith ya je Masar sau uku tsakanin 1856 da 1860, yana ɗauka a kan gilasai da wasunsu suka kai inci 16 da 20. Ya ba da labarin cewa zafin cikin tantinsa yakan haura digiri 40, har kolodiyan ya tafasa yayin da aka zuba shi a kan gilashi, wani lokaci kuma sai ya shiga kaburburan da aka haƙa cikin duwatsu don neman duhu da sanyi. A 1861 Auguste Bisson ya hau ƙololuwar dutsen Mont Blanc da 'yan alaro 25, ya sauko da hoto uku. Samuel Bourne kuwa, a tafiyarsa ta farko cikin duwatsun Himalaya a 1863, mutum 30 ne suka ɗaukar masa kaya, kuma a 1866 ya kafa kyamara a mashigar Manirung mai tsawon ƙafa 18,600. Sunan Bourne ne a ƙarƙashin hotunan, amma wuyan waɗansu ne ya kai gilasan can.

Daga nan za a gane wanda yake iya yin hoton tafiya a wancan zamani: mai kuɗi, ko mai gwamnati a bayansa, ko mai kamfanin da zai sayar da hotunan. Za a kuma gane inda yake iya zuwa, watau inda jirgin ruwa ko keken doki ko ayarin 'yan dako zai kai, kuma inda akwai ruwa mai tsabta. Shi ya sa gaɓar Nilu ta cika littattafai da hotuna tun shekarun 1850, cikin nahiyar kuwa shiru. Heinrich Barth ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, wata guda kafin Archer ya buga bayaninsa, ya kuma ci gaba har Sakkwato da Tambutu. Siffofin garuruwan da ke cikin littattafansa biyar, waɗanda aka buga a 1857 da 1858, zanen hannunsa ne, wanda wani gwani mai suna Bernatz ya sake zanawa a Jamus ya ƙawata. Idan muka nuna wa ɗalibai Kano ta Barth daga kan Dala, hannu biyu muke nuna musu, kuma ɗaya daga cikinsu bai taɓa ganin Kano ba. Waɗanda suka gwada kyamara a irin wannan doguwar tafiya ma ba su ji da daɗi ba. James Grant ya ɗauki hotuna a Zanzibar a 1860, da suka nausa cikin ƙasa tare da Speke sai ya koma zane. A tafiyar Livingstone ta kogin Zambezi da aka fara a 1858, ƙanensa Charles ne aka ɗora wa aikin hoto, ya yi ta fama da jiƙaƙƙen gilashi bai tsinana abin kirki ba. Likitan ayarin, John Kirk, wanda ya tsaya kan tsohuwar hanyar takarda, shi ne ya komo da hotuna masu amfani. Tsohuwar dabarar da ta jure hanya ta kayar da sabuwa.

Akwai wani aibi na wannan gilashi da ya shafi mai nazarin sutura da al'adu kai tsaye. Kolodiyan shuɗin haske yake ji, ja da rawaya kuwa kusan bai san da su ba. Saboda haka sararin sama yakan fito fari fat babu gajimare, abu mai launin shuɗi ya fito da haske fiye da yadda yake, ja da rawaya su fito baƙi. Jar dara za ta fito baƙa, fatar mutum ta ƙara duhu har kamannin fuska su nutse. Faranti mai jin dukkan launuka bai shiga kasuwa ba sai 1906, kuma an daɗe bayan haka ana aiki da tsofaffin. Wanda ya dubi hoton wani basarake na kafin wannan lokaci ya yanke hukunci kan launin rawaninsa ko alkyabbarsa, ya hau dokin zato.

Ba Turawa kaɗai suka ɗauki wannan wahala ba. Muhammad Sadiƙ Bey, injiniya a rundunar sojan Masar, ya ɗauki hotunan Madina a 1861, sa'an nan ya ɗauki na Makka da Ka'aba a 1880 sa'ad da ya raka ayarin alhazan Masar, har aka ba shi lambar zinariya a taron masana labarin ƙasa a Venice a 1881. Bayansa kaɗan sai wani likita ɗan Makka, Sayyid Abdul Gaffar, ya ɗauki hotunan Harami da Mina da Arfa, ya aika wa Snouck Hurgronje, mutumin Holan, wanda ya buga su a 1889 ba tare da sunan likitan ba. Sai bayan kusan shekara ɗari masu bincike suka mayar masa da haƙƙinsa.

Busasshen faranti da akwatin Kodak

A 1871 wani likita Ba'ingile, Richard Maddox, ya nuna cewa za a iya riƙe maganin azurfa cikin jalatin, a bar shi ya bushe. Kafin 1880 ana sayar da busassun faranti a kanti, mutum ya ɗauki hoto yau ya wanke bayan watanni. Tanti da kwalabe suka zauna a gida. Lokacin ɗauka ya ragu ya koma ƙasa da daƙiƙa guda, har ya yiwu a riƙe kyamara a hannu. Sai George Eastman ya zo a 1888 da akwatin Kodak, wanda bai kai kilo ɗaya ba, da fim na hoto 100 a naɗe a ciki, a kan dala 25. In fim ya ƙare sai a aika da akwatin gaba ɗaya zuwa Rochester tare da dala 10, a wanke, a sake ɗurawa, a dawo da shi. A 1900 ya fito da Brownie a kan dala ɗaya.

Ya kamata a lura da wane zamani ne wannan. Taron Berlin na rabon Afirka an yi shi a 1884 zuwa 1885, Kano da Sakkwato kuma sun faɗa hannun Ingilishi a 1903. Watau sauƙin kyamara ya zo daidai da shigar sojan mulkin mallaka, don haka hotunan farko na garuruwa da yawa a cikin nahiyar daga aljihun hafsa ko joji ko ɗan mishan suka fito, kuma abin da ya ja hankalinsu shi suka ɗauka. Duk da haka ƙaramar kyamara ba ta da ubangida. A 1904, a ƙasar Kwango ta Sarki Leopold, wata 'yar mishan mai suna Alice Seeley Harris ta ɗauki hoton wani mutum, Nsala, yana zaune yana kallon yankakken hannu da ƙafar 'yarsa, wadda dakarun kamfanin roba suka kashe. An yi ta haska hoton nan da ire-irensa a tarurruka a Ingila da Amurka, kuma yana cikin abubuwan da suka tilasta wa Leopold sakin Kwango a 1908. Da tantin Frith ake bukata, da ba a sami wannan shaida ba.

'Yan Afirka ta Yamma ma sun shiga sana'ar tun da wuri. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ne ya ɗauki hoton Oba Ovonramwen na Binin a cikin jirgin ruwan da ya tafi da shi gudun hijira a 1897, kuma da yake hatiminsa J. A. Green kawai yake nunawa, an daɗe ana zaton Bature ne. George da Costa ya buɗe shagon hoto a Ikko a 1895, ya kuma yi wa gwamnati aikin ɗaukar hotunan shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta nufo Arewa, wadda ta iso Kano a 1911.

Ƙaramin nagatif

Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar na Jamus, yana son yawo a daji amma yana fama da ciwon asma, ɗaukar manyan kaya na wahalshe shi. Wajen 1913 zuwa 1914 ya ƙera 'yar kyamara mai aiki da fim ɗin silima, kowane hoto milimita 24 da 36, bisa tunanin cewa in idon kyamarar yana da kyau, za a iya faɗaɗa ƙaramin nagatif ya ba da babban hoto. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin, sai a 1925 aka fito da ita kasuwa da sunan Leica, shekarar da aka yi wa Yariman Wales hawan daba a Kano. Rolleiflex ta biyo baya a 1929, fim mai launi na Kodachrome kuma ya fito wa irin waɗannan ƙananan kyamarori a 1936.

Misalin da ya fi nuna abin da wannan ya haifar shi ne Wilfred Thesiger. Ya yi aikin mulki a Darfur daga 1935, ya je duwatsun Tibesti a 1938, ya kuma ratsa hamadar Rub'ul Khali ta Larabawa sau biyu tsakanin 1946 da 1948 a kan raƙumi. Da Leica ya yi aiki, yana ajiye ta cikin jakar fatar akuya saboda rairayi, kuma bai yi hoto mai launi ba. Nagatif 38,000 ya bari, suna gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford. Abin da ya bambanta hotunansa da na Du Camp shi ne fuskoki: abokan tafiyarsa suna kallonsa a sake, an san sunayensu, domin ya yi watanni yana ci yana sha tare da su kafin ya ɗaga kyamara. Ana iya sukar ra'ayinsa game da ci gaban Larabawa, kuma an soka, amma ba a ce hotunansa sun gaza don ƙarancin kaya ba. Ina ganin wannan ya isa amsa ga matasanmu masu sha'awar hoto da suke jinkirta fita sai sun tara idon kyamara huɗu ko biyar. Ido ɗaya matsakaici da aka saba da shi yakan fi jaka cike da waɗanda ake ta musanyawa, musamman a ƙasa irin tamu, inda duk buɗe cikin kyamara a lokacin hunturu gayyatar ƙura ce.

Sai dai sauƙin nan ya zo da nasa laifi. Mai babban akwati dole ya nemi izini, domin ba ya ɓoyuwa, kuma sai an tsaya masa. Mai Leica kuwa yana iya ɗauka ya wuce ba a sani ba. Daga shekarun 1930 hotunan kasuwa da rijiya da mata a bakin aiki sun yawaita, amma yawancinsu babu suna, sai a rubuta ƙabila kawai a ƙasa. Fim mai launi ma ya zo da nasa son kai. Katin da Kodak ya riƙa raba wa masu wanki tun shekarun 1950 don daidaita launi hoton farar mace ne, don haka fatar baƙin mutum takan rasa haskenta, balle in yana sanye da farar riga a tsakar rana.

A gefe guda, Brownie mai araha ita ce ta raini manyan masu hoton yankinmu. Seydou Keïta na Bamako ya sami tasa daga kawunsa a 1935, ya buɗe shago a 1948. J. D. Okhai Ojeikere ya sayi tasa a 1950 a kan fam biyu, daga 1968 kuma ya shiga bin kitson matan Nijeriya, har ya tara wajen hoto dubu. Da aka fara nuna hotunan Keïta a New York a 1991, an rubuta cewa ba a san mai su ba, alhali yana raye a Bamako, nagatif ɗinsa na ajiye a gida. Da ya zubar da su kamar yadda shagunan hoto da yawa suka yi da nasu, da zancen ya ƙare a nan.

Daga Japan zuwa aljihu

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Nikon F ta fito a 1959, Jamus ta sakar wa Japan kasuwa, Canon AE-1 ta 1976 ta sa lantarki ya karɓi lissafin haske, Minolta kuma ta fito a 1985 da wadda take saita kanta. A 1975 Steven Sasson, injiniya a Kodak, ya haɗa kyamarar farko marar fim. Nauyinta kilo 3.6, kuma takan yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Kamfanin bai yi hanzarin bin abin da ya ƙirƙira ba. Ya daina yin Kodachrome a 2009, ya kuma nemi kariyar kotu saboda karyewa a 2012. Wayar salula mai kyamara ta fito a Japan a 1999 da 2000, kuma ita ce ta mayar da kilo 50 na Giroux abin da ake sakawa a aljihun riga.

To, ko matsalolin Frith sun ƙare? Waɗansu sun sauya kama ne kawai. Zafi har yanzu yana kashe batir, kuma kyamarar da aka bari cikin rufaffiyar mota a watan Afrilu tana cikin haɗari. Ƙura da dā take manne wa jiƙaƙƙen gilashi yanzu faifan da ke karɓar haske take sauka a kai, ta bar ɗigo a kowane hoto. Rana tsaka har yanzu takan cika kwarmin ido da inuwa, musamman ƙarƙashin rawani ko malfa, shi ya sa hantsi da bayan la'asar suka fi, ko kuma a ja mutum zuwa bakin zaure inda haske yake shigowa ta gefe, a auna hasken da fuskarsa, a ƙyale rigar. Hazo kuma, wanda mutane suke ƙi, yakan tausasa haske ya yi wa fuska kyau, ko da yake yana shafe abin da ke nesa.

Ga mai tarihi kuwa, wayar zamani ta kawo sabuwar iyaka. In aka danna ta, hotuna da dama take ɗauka a jere, ta haɗa su, ta gyara sama da fata bisa lissafin da aka ɗura mata, don haka abin da take bayarwa ba ƙiftawar ido guda ba ce. Ta wani ɓangaren ta fi na dā, domin takan rubuta rana da sa'a, wani lokaci har da wuri, a cikin fayil ɗin, amma wannan bayani yakan goge in aka tura hoton ta WhatsApp ko Facebook. Gilashin Sadiƙ Bey ya haura shekara 140 ana kallon abin da ya kama. Hoton hawan sallar bara kuwa yana cikin waya ɗaya, wadda in ta faɗa ruwa ko ta shiga hannun ɓarawo shi ke nan.

Saboda haka shawarar da zan gabatar wa wannan taro ta aiki ce. Sassan tarihi na kwalejojinmu su tura ɗalibai tsofaffin shagunan hoto na garuruwansu, su tambayi magada ko akwai sauran nagatif, a kwafe su, a zauna da dattawa a rubuta sunan wanda ke ciki da shekara da wuri da irin kyamarar da aka yi aiki da ita. A ajiye kwafi biyu a wurare dabam-dabam, a kuma miƙa na uku ga ma'adana irin su Gidan Arewa da ke Kaduna ko Gidan Makama na Kano. Nagatif ɗin da kansa a raba shi da leda da danshi, a sa kowanne cikin ambulan na takarda, a rubuta bayanin a jikin ambulan ɗin da fensir.